Shaihu Umar da Ruwan Bagaja Cikin Zane: Me Masu Karatu Ke Nema?

A Ƙofar Ran, cikin garin Bauchi, kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa yake. Tun da aka buɗe ginin da ya kewaye shi a 1979, 'yan makaranta ke zuwa ayari-ayari tare da malamansu, a nuna musu kayan marigayin, a ba su tarihin Firayim Ministan Nijeriya na farko da kisan da aka yi masa a watan Janairun 1966. Sai dai yara da yawa kan fita ba su san mutumin nan marubuci ne ba. Yana sabon malamin makaranta a Bauchi, bai wuce shekara 21 ba, ya rubuta Shaihu Umar, labarin wani babban malami da ya zauna a Rauta, nan kusa da Bauchi.

Littafin ya fito ne daga gasar da Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya a 1933. Gasar ce kuma ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Yau shekara casa'in ke nan da ɗoriya, kuma yaran da ake so su karanta waɗannan littattafai sun tashi ne da katun a talabijin da wayar hannu. Shi ya sa ake ta tambaya ko lokaci bai yi ba da za a sake ba su labaran cikin littafin zane, irin wanda ake raba shafi gida-gida, kowane gida da hotonsa, maganar kowa kuma tana cikin ɗan da'ira a saman kansa.

Wasu ƙasashe sun daɗe da bin wannan hanya, kuma gardamar da masu karatunsu suka yi tana da amfani a gare mu. A Amurka, Albert Kanter ya fara jerin da daga baya aka sani da Classics Illustrated a 1941, ya mayar da manyan littattafan Turawa zane, har aka kai guda 169. Yara sun rungume su, amma wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fito a 1954 ya soke su, yana ganin suna rage wa adabi ƙarfi kuma suna sa ɗalibai guje wa littafin asali. Su kuwa mawallafan sukan rufe kowane littafi da kira ga yaro ya je laburare ya nemi na asalin. A Indiya, Anant Pai ya kafa Amar Chitra Katha a 1967 bayan ya ga wata gasar kacici-kacici a talabijin inda yaran ƙasar suka amsa tambayoyi kan tatsuniyoyin Girka, amma suka kasa faɗin sunan mahaifiyar Rama. Jerin ya wuce littafi 400, iyaye suka yi ta saya. Daga baya masu karatu da suka girma da shi suka fara ƙorafi cewa ana zana mutanen kirki farare, miyagu kuma baƙaƙe, har kamfanin ya fara gyara salon zanensa.

Mu ma nan ba baƙin wannan salo ba ne. Dattawan da suka yi ƙuruciya a ƙarshen shekarun 1960 suna tuna mujallar African Film da jaruminta Lance Spearman, wadda aka gina da hotunan kyamara da 'yan da'irorin magana. A wannan zamani kuma, Roye Okupe, ɗan Nijeriya mai kamfanin YouNeek Studios, ya fitar da Malika: Warrior Queen a 2017, inda ya ɗauki tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau ya gina wata daula ta almara mai suna Azzaz, da takobi mai sihiri da dakarun daular Ming ta ƙasar Sin. Aikin ya samu karɓuwa har kamfanin Dark Horse na Amurka ya ƙulla yarjejeniya da shi a 2021. Amma da Turanci aka rubuta shi, kuma yaron Bauchi da Hausa ce harshen karatunsa na farko ba shi ne aka fi nufa da shi ba.

Idan aka zo kan littattafanmu na gado, ra'ayin masu karatu yakan karkata ne a kan abubuwa uku.

Na farko shi ne harshe. Malaman Hausa da tsofaffin makaranta suna cewa daɗin Ruwan Bagaja a bakin Imam yake: kirari, da karin magana, da baƙar maganar da taurarin labarin, Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, ke jifan juna da ita duk inda suka haɗu. Da'irar magana kuwa jimla ɗaya ko biyu take ɗauka. Tsoronsu kada a ba yaro ƙashi a ce masa nama ne. Masu goyon baya suna amsawa da cewa yaron da ke aji uku ko huɗu, wanda har yanzu yake haɗa baƙi da wasali da ƙyar, ba zai iya shafi cike da rubutu ba ko da an ɗora masa shi. Hoto yana riƙe shi a kan shafin, ya gane abin da ke faruwa, sannan ya yi ƙoƙarin karanta abin da aka ce. Duka ɓangarorin suna da gaskiya, kuma maganin yana hannun mai tsara labarin: ya zaɓi jimlolin da zai bari da bakin marubucin asali, ya bar wa zane aikin bayyana daji da fada da kasuwa.

Na biyu shi ne kamanni. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja yana da nasa Zandoro ɗan Shotari a zuciya, da nasa aljanun da Alhaji Imam ya tarar a ƙarshen tafiyarsa ta neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki. Da zarar mai zane ya ba su fuska, ya yanke wa kowa hukunci. Matasan masu zane da yawa sun koyi hannu ne daga katun na Japan da jaruman Amurka, saboda haka akwai fargabar a ga Ganɗoki da sulke irin na Turawan da, ko a ga aljani da ƙaho da jela irin na finafinan waje. Mai karatu Bahaushe yana so ya ga lifidi da kwalkwali, da naɗin rawani da ya bambanta malami da bafade, da zaure da soro da ganuwa. Nan ma akwai iyayen da ke da damuwa ta addini game da zanen abu mai rai. Malamai sun yi maganganu mabambanta a kan wannan, kuma littattafan firamare da na Islamiyya masu hotuna sun daɗe a hannun yara, amma mawallafin da ya yi kunnen ƙashi da wannan damuwa zai rasa wani kaso na masu saye.

Na uku, wanda ya fi nauyi, shi ne abin da za a nuna da abin da za a rage. Shaihu Umar labari ne na bauta. An sace Umar yana ƙaramin yaro, kura ta cinye wanda ya sace shi, daga baya Balarabe Abdulkarim ya tafi da shi ƙetaren Sahara. Mahaifiyarsa ta bi sawunsa, ita ma aka bautar da ita, kuma ba su daɗe da haɗuwa a Tarabulus ba ta rasu. Wasu iyaye za su ce wannan ya yi wa ɗan shekara tara tsanani idan ya zama hoto. Wasu kuma za su ce idan aka goge wahalar uwar nan an cire zuciyar littafin, an kuma ɓoye wa yara wani ɓangare na tarihinsu. Haka Ruwan Bagaja yake da wuraren da ake wasa da wasu ƙabilu, Ganɗoki kuma yana cike da sara da suka. Duk wanda zai sake ba da su dole ya tsaya ya yi zaɓi, ya kuma faɗa wa iyaye a bangon littafin shekarun yaran da ya nufa.

Masu ganin taɓa waɗannan littattafai rashin ladabi ne ya kamata su tuna yadda aka same su. Imam da kansa gwanin sake ba da labari ne. A cikin Magana Jari Ce, wanda ya fito juzu'i uku a ƙarshen shekarun 1930, ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus da na Indiya, ya sa musu riga da hula har suka zama 'yan gida. Labarin Sarkin Busa asalinsa daga garin Hamelin na Jamus yake, amma Bahaushe bai taɓa jin sa baƙo ba. Shaihu Umar ma ya sha sauya kama: Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, kuma bayan an gyara tsohon faifan an nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Gidan talabijin na NTA Kaduna kuma ya mayar da Magana Jari Ce wasa a shekarun 1980, mutane da yawa suka san aku da Waziri na cikin labarin ta nan kafin su riƙe littafin.

Abin da ya rage shi ne aikin kansa. Masu zane suna nan, daga sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya har zuwa matasan da ke aiki da kwamfuta a shagunan ɗab'i na Bauchi. Kuɗin bugu mai launi yana da yawa, don haka bugun baƙi da fari, ko fitar da labari babi-babi ta waya, zai fi dacewa da aljihun iyaye. Akwai kuma batun haƙƙin mallaka. Dokar Nijeriya tana kare aikin marubuci har shekara 70 bayan rasuwarsa, wato Shaihu Umar yana ƙarƙashin kariya zuwa ƙarshen 2036, littattafan Imam, wanda ya rasu a 1981, zuwa ƙarshen 2051. Mai son fara wannan aiki yanzu sai ya nemi izini daga kamfanin NNPC na Zariya da ke buga littattafan da kuma magadan marubutan, sannan ya gwada shafukan farko a kan yaran aji huɗu da malamansu kafin ya kai su maɗaba'a.