Abin da ya sa ma'aikatan Mumbai ke jiran abincin rana daga gida

A birnin Mumbai na ƙasar Indiya, ma'aikaci kan bar gida da sassafe domin ya samu jirgin ƙasa, a lokacin da ba a ma ɗora tukunya ba. Ko da an gama girkin, cunkoson jiragen ba ya bari mutum ya shiga riƙe da kwano. Wannan matsala ce ta haifar da sana'ar mutanen da ake kira dabbawala, wato masu ɗaukar kwanon abinci, wadda Mahadeo Havaji Bachche ya tsara a shekarar 1890.

Da hantsi, ɗan dabbawala sanye da farar hula yakan bi gida-gida a kan keke yana karɓar kwanonin ƙarfe masu hawa uku ko huɗu. A tashar jirgi ake rarrabe su bisa alamomin da aka zana a murfi, na launi da haruffa da lambobi, waɗanda ke nuna unguwar da kwano ya fito, tashar da za a sauke shi, da ginin da zai je. Kwano ɗaya kan bi ta hannun mutane da dama kafin ya isa ofis da azahar, sannan da yamma a mayar da shi gida fanko. Kafin annobar korona, kimanin mutum 5,000 ne ke kai kwanoni kusan 200,000 a kullum. Yarima Charles, Sarkin Ingila na yanzu, ya ziyarce su a 2003.

Abin da ke cikin kwanon ba na alfarma ba ne: gurasar alkama da ake kira roti, shinkafa, miyar dal ta ƙananan wake, ganye, da ɗan mangwaron da aka jiƙa a gishiri da barkono. To me ya sa mutum zai biya a kawo masa wannan daga nesa, alhali ga gidajen abinci a ƙofar ofis? Babban dalili shi ne addini da al'ada. Hindu da yawa ba sa cin nama, mabiya Jain ba sa cin albasa da tafarnuwa da dankali, Musulmi kuma na son tabbacin halal. Girkin gida ne ke ba kowannensu kwanciyar hankali. Akwai kuma ɗanɗano, domin kowane gida da yadda yake haɗa kayan ƙamshi, ilimin da 'ya ke koya daga uwa, kuma mai hawan jini ko ciwon suga ya san an kula da gishirinsa da sukarinsa.

Sana'ar ta sha wuya a 2020 lokacin da aka rufe ofisoshi aka tsayar da jirage, inda da yawa suka koma ƙauyukansu na yankin Pune. Aiki daga gida da manhajojin odar abinci sun rage musu masu hulɗa, haka kuma a gidajen da miji da mata duka ke fita aiki, babu wanda zai tsaya girkin hantsi.