Me Ya Sa Kano Ta Fi Istanbul Nisa Daga Tampouy?

Tsakanin Wagadugu da Kano, idan aka miƙe ta sama, tazarar ba ta wuce kilomita 1,100 ba, tafiyar da jirgi zai yi cikin ƙasa da awa biyu. Istanbul kuwa ta haura kilomita 4,000. Amma ɗan kasuwar unguwar Tampouy ta Wagadugu kan hau Turkish Airlines ya sauka Istanbul ba tare da canjin jirgi ba, alhali mai zuwa Kano sai ya fara yin kudu zuwa Lome ko Abijan, ya faɗa Legas ko Abuja, sannan ya nemi jirgin cikin gida.

Da can ba haka lamarin yake ba. Ayarin fatake masu kai kanwa Gwanja su komo da goro ta ƙasar Mosi suke ratsawa, kuma su ne tushen zangunan Hausawan wannan yanki. Da mota ta zo, hanyar Fada N'Gourma zuwa Yamai da Maraɗi ta ɗauki nauyin. Yanzu 'yan bindiga sun addabi gabashin Burkina Faso, mai bin wannan titi sai ya sayar da rai. Shi ya sa hankali ya koma sama.

A saman ma ba a samu sauƙi ba. Tun da Air Afrique ya durƙushe a 2002, zirga-zirga tsakanin biranen Afirka ta Yamma ta koma hannun kamfanonin da kowannensu ke tara fasinja a cibiyarsa: ASKY a Lome, Air Côte d'Ivoire a Abijan. Yarjejeniyar Yamusukuro ta 1999 da shirin Tarayyar Afirka na 2018 sun yi alkawarin buɗe sararin samaniyar nahiyar, amma aiwatarwa na tafiyar hawainiya. Ga haraji mai nauyi a kan kowane tikiti, ga kuma ficewar Burkina Faso, Mali da Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025. Kamfanoni na da tasu hujja: jirgin da kujerunsa ba su cika ba asara ne, kuma yawancin masu zuwa Kano ƙananan 'yan kasuwa ne da kuɗin tikiti zai cinye musu riba.

Wannan ya sauya alƙiblar fatauci. Mai babban jari ya juya ga Turkiyya, Dubai da Sin, mai ƙaramin jari ya dogara da dillali da hoton kaya a WhatsApp maimakon ya taka kasuwar Kantin Kwari ta Kano da ƙafarsa. Ta'aziyya da biki sun koma waya, alhali Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take.

Sabon filin jirgin da ake ginawa a Donsin, kusa da Wagadugu, ba zai magance wannan shi kaɗai ba. Sai hukumomin Wagadugu, Yamai da Abuja sun rage haraji, sun ba ƙananan jirage izinin haɗa biranen uku da Kano, sun kuma tsare titin da talaka ke bi.