Kwamfuta da Kuskuren Magani a Asibiti: Misali daga Khartum

Abin da ake nufi da kuskuren magani shi ne a ba majiyyaci maganin da ba nasa ba, ko a ba shi nasa amma fiye da ƙima ko ƙasa da ita. Galibin irin wannan kuskure daga takarda yake farowa. Likita ya rubuta 1.0, ɗigon bai fito ba, sai a karanta 10. Haka kuma sunayen wasu magunguna sun yi kama: chlorpropamide na ciwon sukari ne, chlorpromazine kuwa na taɓin hankali, to idan likita ya yi rubutun tafiyar tsutsa, wa zai bambance su?

Kundin majiyyaci na kwamfuta ya kawar da wannan matsala, domin zaɓar sunan magani ake yi daga jeri, sannan na'urar takan yi gargaɗi idan magunguna biyu ba sa ga maciji da juna. A 1998, binciken David Bates da abokan aikinsa a wani asibitin Boston ta Amurka ya nuna cewa munanan kurakuran magani sun ragu da kashi 55 cikin ɗari. Sai dai a 2005 wani nazari a asibitin yara na Pittsburgh ya nuna akasin haka: mace-macen yaran da aka turo daga wasu asibitoci ya tashi daga kashi 2.8 zuwa 6.57 bayan shigar da tsarin. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, ba a iya rubuta wa yaro magani sai ya iso an yi masa rajista. Wato kwamfuta ma tana da nata kurakuran.

A Khartum akwai wata matsalar da ta shafi ɗalibin harshe kai tsaye, wato ta suna. Ana kiran mutum da sunansa da na mahaifinsa da na kakansa, kuma masu suna Muhammad Ahmad ba sa ƙirguwa. Idan aka juya sunan daga Larabci zuwa boko, wannan ma'aikaci ya rubuta Mohamed, wancan ya rubuta Muhammad, sai mutum ɗaya ya tashi da kundi biyu, kowanne da rabin tarihinsa. Lamba ɗaya ga kowane majiyyaci ce kaɗai maganin wannan.

Inda kundi ya fi zama batun rai da mutuwa shi ne wajen masu shan warfarin. A cibiyar tiyatar zuciya ta Salam, wadda ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a Soba a 2007, wanda aka sa wa ƙyauren zuciya na ƙarfe yakan sha wannan magani har ƙarshen rayuwarsa. In ya yi yawa jini ya ɓalle, in ya yi kaɗan jini ya daskare, kuma ba a daidaita awonsa sai an dubi sakamakon gwajin baya.

Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, mafi yawan asibitocin Khartum sun rufe, jama'a suka koma ga 'yan kaɗan da suka rage, irin su Al-Nau a Omdurman. Majiyyacin da ya gudu Atbara ko Port Sudan ya bar fayil ɗinsa na takarda a baya. Kundin da aka adana a intanet zai iya bin sa duk inda ya je, amma shi ma sai da wuta da layi, ga shi kuwa a Fabrairun 2024 hanyoyin sadarwa sun katse a kusan duk faɗin Sudan.