3.4 Tsutsotsin Cikin Tsaka da Kulɓa

3.4.1 Shimfiɗa

A ƙasar Tambuwal da Kebbe, kamar sauran ƙasar Hausa, da wuya a sami gidan da babu tsaka a bangon ɗaki ko kulɓa a gindin rumbu. Duk da wannan maƙwabtaka, Bahaushe bai amince da su ba. Ana cewa idan tsaka ta faɗa cikin abinci ya zama guba, kuma fitsarinta yana ɓata fata. Ita kuwa kulɓa, ana ɗaukar ta mai dafi ce kamar maciji. Wannan sashe zai duba abin da masana ilimin dabbobi suka gano a cikin waɗannan halittu, musamman tsutsotsin ciki, domin a tantance inda haɗarin yake.

3.4.2 Matsayin Tsaka da Kulɓa a Tunanin Bahaushe

Ƙyamar tsaka tana da tushe biyu. Na farko addini: ya zo a hadisin Bukhari cewa an yi umurni da kashe ta, domin ta hura wutar da aka jefa Annabi Ibrahim (AS) a ciki. Na biyu kuwa shi ne danganta ta da ciwon fata. Wannan tunani ba na Bahaushe kaɗai ba ne, domin ɗaya daga cikin sunayenta a Larabci, wato "samm abras", yana da alaƙa da albaras. Sai dai tun a shekarar 1873 likita Hansen na ƙasar Norwe ya gano ƙwayar cutar da ke kawo kuturta, kuma ba ta hanyar tsaka take yaɗuwa ba. Haka nan tsaka da kulɓa duk ba su da dafi. To amma wannan bai nuna cewa cikinsu tsaf yake ba.

3.4.3 Ire-iren Tsutsotsin

Tsakar gida ta Afirka ta Yamma tana cikin jinsin da masana ke kira Hemidactylus, kulɓa kuma Trachylepis, jan gwada da matarsa kuwa Agama agama. Binciken da aka yi a Nijeriya, ciki har da na Adeoye da Ogunbanwo a kan ƙadangarun Legas a 2007, ya nuna cewa dangin ƙadangare suna ɗauke da tsutsotsi iri-iri. Ana iya kasa su gida huɗu:

(a) Ƙananan tsutsotsi masu kamar zare, irin su Parapharyngodon, da ke zama a ƙarshen hanji. Ƙwayayensu suna fita cikin kashi, wata tsakar ta haɗiye su tare da abinci. Ba su buƙatar ɗan aike.

(b) Tsila, wato Oochoristica, mai gaɓa-gaɓa. Ita sai ta fara girma a cikin ƙwaro, sannan idan an cinye ƙwaron ta ƙarasa a hanji.

(c) Tsutsa mai faɗi kamar ganye, wato Mesocoelium, wadda ke bi ta jikin katantanwar tudu. Saboda haka ta fi son wuri mai laima.

(d) Raillietiella, mai zama a huhu tana shan jini. Kyankyaso ne kan ci kashin tsaka mai ƙwayayenta, tsaka kuma ta ci kyankyaso. Ko da yake siffarta ta tsutsa ce, masana sun tabbatar ta fi kusa da dangin ƙaguwa.

Ke nan uku daga cikin huɗun nan ba su isa ga tsaka ko kulɓa sai ta hanyar abin da suka ci.

3.4.4 Darasi Daga Tsibirai

Wurin da ya fi nuna halin waɗannan tsutsotsi shi ne tsibirai, domin a can ruwa ya kewaye dabba, ana iya ganin abin da ta zo da shi da wanda ta tarar. Masana biyu na Amurka, Goldberg da Bursey, sun daɗe suna nazarin tsaka da kulɓa na tsibiran tekun Pasifik. Akwai wata tsakar gida, Hemidactylus frenatus, wadda asalinta yankin Asiya ne, amma ta bi kayan jiragen ruwa har ta kai tsibiran Hawai da arewacin Ostareliya, ta kuma tafi da tsutsar huhunta. A Ostareliya an sami wannan tsutsa a huhun wani babban kwaɗo. Abin lura a nan shi ne, ta sauya mazauni ne zuwa ga dabbar da ita ma ƙwari take ci. Wato hanyarta ƙwaro ce, kuma mutum ba ya kan wannan hanya.

Idan aka dawo gida, rumbun gero a Dogon Daji ko Kuchi ya yi kama da ƙaramin tsibiri. Hatsi ya jawo ƙwari, ƙwari su jawo tsaka da kulɓa, kashinsu ya koma ga ƙwari. A cikin wannan zagaye tsutsa ke rayuwa, ba ta neman mai rumbun.

3.4.5 Inda Haɗarin Yake

Haɗarin da ya shafi mutum yana cikin kashin tsaka ne, amma ba tsutsa ba ce. Ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, mai suna Salmonella, wadda ke kawo zawo da zazzaɓi. Wani bincike da Oboegbulem da Iseghohimhen suka wallafa a 1985 ya nuna tsakar bango a Nijeriya tana ɗauke da ita. Idan kashin ya faɗa cikin randa, ko ƙwaryar fura, ko garin da aka shanya, ana iya kamuwa, kuma ƙananan yara ne suka fi jigata. Ita kuwa tsutsar huhu da aka san tana shiga mutum a Afirka ta Yamma, wato Armillifer, daga manyan macizai take, irin su mesa da kasa, ta hanyar taɓa su ko cin namansu bai dahu ba.

3.4.6 Naɗewa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa tsofaffin da ke umurnin a rufe tulu da faifai, a kuma zubar da abincin da tsaka ta faɗa ciki, ba su yi kuskure ba a aikace. Abin da ya bambanta shi ne dalili: su sun ce guba, masana sun ce ƙwayar cuta. Karin maganar nan ta "ƙadangaren bakin tulu, a kashe ka a kashe tulu, a bar ka ka ɓata ruwa" ta nuna Bahaushe ya daɗe da gane cewa ɓarnar a kan ruwa take. Don haka ma'aikacin lafiyar da ya shiga ƙauyen Kebbe ya ƙaryata camfin gaba ɗaya, yana iya sa a yi watsi da kyakkyawar ɗabi'a tare da camfin. Abin da ya fi dacewa shi ne ya tabbatar da rufe abinci da share ɗaki, sannan ya gyara dalilin. Sashe na gaba zai duba yadda masu maganin gargajiya ke amfani da sassan jikin waɗannan halittu.