Makullin Zariya da Gyaran Kayan Tafiya

Duk wanda ya taɓa sayen rigar sanyi mai hula a wurin 'yan gwanjo, ko jakar goyo irin ta matafiya, ko jakar barci wadda masu hawan duwatsu a Turai da Amurka ke shiga su kwana a ciki, lalle ya ga wani ɗan abu na roba, wanda bai fi ƙwallon dabino girma ba, maƙale a jikin zariyar da ke tsuke bakin kayan. Wannan shi ne makullin zariya, kuma ko da yake ba a cika kula da shi ba sai ran da ya lalace, akwai hikima a ƙirarsa wadda ta cancanci nazari.

Sassansa uku ne: gangar jiki mai huda a gicciye, da madanni wanda ke shiga cikinta shi ma da tasa hudar, sannan sifirin na ƙarfe da ke ƙarƙashin madannin. Idan an danna, hudojin nan biyu sai su daidaita, zariya ta sami hanyar wucewa. Da zarar an saki kuwa, sifirin ya tura madannin sama, hudojin su saɓa, zariya ta matse a tsakaninsu. Fa'idarsa ta fi bayyana ga mutumin da dare ya riske shi a kan dutse, sanyi ya sandarar masa da yatsu, alhali ƙullin da ya jiƙe sannan ya daskare ba ya kwantuwa da daɗi ko ga mai lafiyayyen hannu. Dabarar kuwa ba sabuwa ba ce, domin a Japan, a zamanin Edo, wato daga 1603 zuwa 1868, da yake tufafinsu ba su da aljihu, maza kan rataya wani ɗan akwati mai suna inro a ɗamara, su riƙa tsuke igiyarsa da dutsen ado mai huda da ake kira ojime, wanda ba shi da sifirin, matsin hudar kaɗai ke riƙe igiya.

To, idan makulli ya daina riƙewa, wajibi ne a fara binciken inda illar take kafin a kashe ko kwabo, domin sau da yawa laifin ba nasa ba ne. Zariyar da ta tsufa takan side ta yi santsi, ta roba mai miƙewa kuma takan saki ta sirance, har hudar ta yi mata yawa. Wani lokaci rairayi ne ya shiga ya hana madanni komawa, wanda wankewa da ruwa tare da dannawa a kai a kai ya isa maganinsa. Amma in sifirin ya yi tsatsa, ko zafin rana ya gasa robar har ta tsage, babu sauran magani sai sauyi, kuma tsohuwar rigar da ta gama yayi takan ba da makulli mai kyau ba tare da an je kasuwa ba. Abin takaici ne a ga jakar da ɗinkinta da yadinta ke nan garau an jefar da ita saboda wannan ɗan abu, lamarin da a ganina yake daf da almubazzarancin da malamai ke gargaɗi a kansa.

Sharaɗin da ya fi kowane muhimmanci wajen sauyin shi ne kaurin zariya ya dace da faɗin huda, tare da la'akari da cewa galibi bakuna biyu ne za su bi ta huda ɗaya. Sai a kwance ƙullin da ke ƙarshe, a datse bakin da ya tarwatse da almakashi. In zariyar ta nailan ce, a kusanto da ita ga wutar ashana har bakin ya narke ya haɗe, a yi masa tsini da gefen wuƙa, ba da yatsa ba, domin narkakken nailan yana manne wa fata ya ƙona ta. In ta auduga ce kuwa, wadda cin wuta take yi ba narkewa ba, sai a naɗe bakin da zare. Idan ta ƙi shiga, a ninka zare mai ƙarfi a zura shi ta hudar, a saƙala bakin zariyar a cikin ninkin, a jawo. Wadda ta shige cikin ƙubaka kuma, fil mai kulle ake maƙala wa sabuwa a bi da ita kamar yadda teloli ke yi. Daga ƙarshe a ƙulla bakunan biyu, in ba haka ba makullin zai zame ya ɓace tun a tafiyar farko.

Sai dai makullin yana da haddi wanda bai kamata a ƙetare ba. Igiyar laimar saukar sojoji, wadda Amurkawa suka yi amfani da ita a Yaƙin Duniya na Biyu, nau'inta da ya fi shahara yana jure nauyin kilo kusan 250, amma makullin da aka zura mata ƙarfinsa na ɗan sifirin nan ne kawai, ja kaɗan zai sa ta sulɓe. Saboda haka tsuke bakin jaka da hular riga da ƙafar wando aikinsa ne, amma ɗaure tanti a cikin iska, ko kaya a bayan babur, wannan sai ƙulli na haƙiƙa.

Akwai kuma mas'alar yara. A 1996 hukumar da ke kula da amincin kayan masarufi a Amurka ta ba da shawarar a daina sa zariya a wuya da hular rigunan sanyi na yara, bayan da aka sami waɗanda zariyar ta sarƙafe a kayan wasa ta shaƙe su, a 2011 kuma aka mai da abin doka. Makulli da ƙulli na ƙarshen zariya su ne ke maƙalewa. Da yake tsofaffin riguna na iya zuwa cikin dilar gwanjo, iyayen da suka sayi irinsu gara su zare zariyar wuyan gaba ɗaya, su sa tela ya ɗinka maɓalli a madadinta.