Ko Kun Sani? Balan-balan Mai Ratsa Samaniya

Ko kun san cewa a daminar 2006 malaman ilmin yanayi na Faransa da Amurka sun zaɓi Damagaram, gabas da Madawa, suka riƙa sakin manyan balan-balan waɗanda ke hawa kimanin kilomita 20, inda iskar gabas ke kwashe su yamma har bisa tekun Atlantika, suna sako ƙananan na'urorin auna zafi da danshi, domin a fahimci asalin guguwar teku?

Wannan hikima kuwa ba ta tsaya ga hukumomi ba, domin a ƙasashe da dama ɗalibai da ma'abota rediyo sukan cika balan-balan na roba da iskar hiliyam, su rataya masa kyamara da na'urar GPS. Shi kuma, gwargwadon hawansa iska na raguwa, yana ta kumbura har ya fashe wajen kilomita 30, kayan su sauko da lema. Haƙiƙanin wahalar, a ganina, tana wajen nemo su, balle a ƙasar Keita da Buza mai duwatsu da kwazazzabai, inda mota kan gaza, sai a bi siginar da ƙafa.