Iskar Radon: Yadda Za Ku Rage Ta a Ɗaki da Ruwan Rijiya

Jama'a, akwai wata iska da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa, sunanta radon. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. Asalinta daga yuraniyam ne, wani ma'adini da ke cikin duwatsu da ƙasa. Ta fi yawa a ƙasa mai duwatsu irin ta Jos, da wuraren da aka haƙi kuza ko yuraniyam.

A fili ba ta da wata ɓarna, gama iskar sarari tana watsa ta. Amma in ta ɓullo ta tsagar daɓe ta shiga ɗakin da ke rufe, sai ta taru. Mai kwana a ciki ya yi ta shaƙa shekara da shekaru bai sani ba, har ta ɓata masa huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce radon tana cikin manyan abubuwan da ke kawo ciwon daji na huhu, bayan taba. Kashi 3 zuwa 14 cikin 100 na masu wannan ciwo ita ce sanadinsu. A shekarar 2009 hukumar ta ba da shawara kada ta wuce ma'auni 100 na bekarel a kowace mita ɗaya mai kusurwa ta iskar ɗaki. Sai da na'ura ake auna ta, a ajiye ta cikin ɗaki kamar wata 3.

Abin da za a yi wa ɗaki

1. Kowane ɗakin kwana ya sami taga biyu masu duban juna, don iska ta ratsa.
2. A buɗe ƙofa da taga kullum, ko da hunturu ne. Don sauro, a kafa gidan sauro, kada a toshe taga.
3. A lura da tsaga a daɓe da gindin bango, a liƙe da siminti.
4. Kada a ɗebi yashin da masu haƙar kuza suka zubar a yi gini ko daɓe da shi.
5. Mai shan taba ya bari. Taba da radon in suka haɗu a huhu ɗaya, haɗarin ya ninka ƙwarai.

Abin da za a yi wa ruwa

Radon takan narke cikin ruwan rijiya mai zurfi da ta burtsatse, musamman wadda ta ratsa dutse. Babban haɗarinta shi ne in an motsa ruwan a ɗaki rufe, ta tashi a shaƙe ta.

1. In an jawo ruwa, a zuba shi daga wannan bokiti zuwa wancan sau da yawa a tsakar gida, iskar za ta fita.
2. A ajiye randa a rumfa, ba ɗakin kwana ba, a rufe bakinta da ƙyalle mai tsabta. Ko ba a taɓa ruwan ba, cikin kwana 4 rabin radon ya mutu.
3. In za a tafasa ruwa, a tafasa a fili ko a madafa mai taga.
4. Banɗaki ya zama mai shan iska.

Amma ku yi hattara. Kada tsoron radon ya sa ku bar rijiya ku koma ruwan kududdufi. Ruwan kududdufi yana ɗauke da kwalara da zawo, waɗanda ke kashe yaro cikin 'yan kwanaki.

Wanda ya yi tari ya wuce mako 2, ko ya ga jini a kakinsa, ya tafi asibiti ba da jinkiri ba. Mai neman ƙarin bayani ya tambayi malamin tsabta na gundumarsa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabtansa wannan takarda. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, amin.